Hannu A Cikin Riga

Shafi na 37

Barkanku da warhaka mutanena. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na sake barin Hajiya Hafsatu cikin damuwa sai ta biyo ni har gida. To 'yar'uwa, kafin ki tari ɗan sahu, zauna ki karanta tukuna.

Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muka tsaya. Alhaji Aƙilu, mai kamfanin fitar da zoɓo zuwa ƙasashen waje, ya rasu. Matarsa Hajiya Hafsatu tana takaba a gidansu da ke Nassarawa GRA. Mutanen Meziko da ke sayen zoɓonsu suna Legas, sun ce yau ce ranar ƙarshe ta sa hannu a sabuwar kwangila, in yau ta wuce ba a sa ba za su koma wa wani. Ana cikin haka sai ga ƙanin marigayi, Alhaji Ƙasimu, wanda ya daɗe da ɗauke ƙafa daga gidan, ya shigo da ɗansa Imran da takarda.

*

Alhaji Ƙasimu bai zauna inda aka nuna masa ba. Kujerar yayansa ya nufa, wadda tun ranar rasuwa ba wanda ya hau ta, ya zauna ya naɗe hannuwansa cikin babbar riga, irin zaman nan na isa. Wayarsa ma Imran ne ke riƙe masa, sai ka ce wani gwamna.

Hajiya Hafsatu na ƙasa a kan darduma. Hijabi ne a jikinta ruwan toka, ba kwalli, ba turare, ba ko zobe. A gefenta surukarta ce, Inna Talatu, wadda ta haifi marigayi da Ƙasimu, ta miƙe ƙafa tana jan carbi.

Muhibba, 'yar marigayi ta fari, wadda ita ce lauyar kamfanin, ta durƙusa ta ajiye masa jug na zoɓo mai sanyi da kofi.

"Baffa ga ruwa."

"Na ƙoshi."

Inna ta ɗago. "Yaushe ka fara ƙoshi da zoɓon gidan nan? Kai da sai an ɓoye maka jug?"

"Inna ba sha ya kawo ni ba." Ya yi wa Imran nuni da haɓa. "Ba ta takardar."

Imran ya matso a sanyaye, ya ajiye takardar a bakin dardumar, ya ɗora biro a kai. Kana ganinsa ka san jawo shi aka yi.

"Wakilci ne," in ji Alhaji Ƙasimu. "Ki sa hannu, Imran ya bi jirgin yamma ya je ya gama da mutanen nan. Mace mai takaba ba ta zuwa Legas ta kwana a otal. Ko an canza addinin ne ban ji ba?"

"Ba a canza ba, Baban Imran," Hajiya ta ce a hankali. "Ba inda zan je. A ɗakin nan zan kwana har Allah Ya sa in fita."

"To madalla. Ga biro nan."

"Ba zan sa ba."



Muhibba ta ce, "Baffa, in da tafiyar ce ma, me ya sa ba kai za ka je ba sai Yaya Imran? Shi fa bai taɓa shiga harkar ba."

"Ina da uzuri. Kuma ba da ke nake magana ba." Ya juya. "Hajiya, kin san abin da kike yi kuwa? Mata nawa ne ke tsintar zoɓo a sitonku na Dawanau? Manoma nawa ne a Maigatari suka shuka saboda ku? In kwangilar nan ta kuɓuce, sito rufewa zai yi. Ke ba za ki je ba, ba kuma za ki bari a je ba?"

"Saboda su ne ma ba zan ba wa kowa ba. Akwai sharaɗin da sai da Alhaji ya yi shekara yana jayayya kafin su yarda, cewa a nan Kano za a riƙa tsincewa, ba a can ba. Duk sabuwar kwangila sai sun gwada zare shi. Wanda bai san shi ba, ba zai lura ya ɓace ba." Ta gyara zama. "Ni zan sa mata hannu. A nan, a kan dardumar nan."

Muhibba ta jawo kwamfutarta ta buɗe a kan ƙaramin tebur, ta juyo da ita.

"Ga ta nan Baffa, tun safe suka turo. Umma ta karanta ta tas, ta sa sun mayar da sharaɗin. Yanzu na'urar za ta duba fuskarta ta tabbatar ita ce, a turo mata lambar sirri a wayarta, ta shigar, ta danna. Shi ke nan ta kulle, ko wasali ɗaya ba mai iya canzawa, kowa kuma a tura masa tasa."

Alhaji Ƙasimu ya yi wata dariya marar daɗi.

"Sa hannu ba biro, ba takarda? A iska?"

"Doka ta san da shi, Baffa. Shekara uku ke nan da haka kamfanin nan ke sa hannu."

Wayyo Muhibba! Da ta san inda maganar nan za ta faɗa da ta haɗiye abarta.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa ɗif.

"Shekara nawa kika ce?"

"Uku."

"Yaya Aƙilu? Mutumin da ko saƙon waya sai an rubuta masa? Shi ne yake sa hannu a kwamfuta?" Ya miƙe tsaye, rigarsa na jan ƙasa. "Allahu Akbar! Yau na samu amsar abin da ya hana ni barci. Inna kina ji ko? Shekara uku. Daidai lokacin da ya daina zuwa Dawanau. Daidai lokacin da ya daina zama cin abinci da mu. Mu da muka tashi hannunmu a kwano ɗaya, sai na zo gidan nan a ce min wai Alhaji ya ci a ciki!"

"Ƙasimu zauna," in ji Inna.

"Ba zan zauna ba Inna, yau sai na faɗa. Ranar ɗaurin auren Imran, a gaban jama'a, a ƙofar masallaci, na miƙa masa hannu. Ɗan'uwana, uwa ɗaya uba ɗaya! Ya kalli hannuna ya ɗaga min kai kawai ya wuce. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa." Ya harari Hajiya. "Na ce Yaya ba haka yake ba, juya shi aka yi. Ashe an killace shi a ɗaki ne, uwa da 'ya suna buga sunansa a kwamfuta suna cin kamfani!"

"Baffa!"

"Jabu ne! Duk sa hannun shekara ukun nan jabu ne. Imran, nemo min lambar mutanen nan na Legas. Yanzu zan gaya musu da wa suke hulɗa."

Imran ya tsaya da waya a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya.

Muhibba ta rarrafo gaban mahaifiyarta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Umma ki gaya masa. Don Allah ki gaya masa! In ya kira su shi ke nan, ko sun gano gaskiya daga baya ba za su jira ba."

"Muhibba."

"Umma ɓarauniya fa yake ce miki!"

"Na ji. Kunnena ƙalau." Ta ɗago ta dubi ƙanin mijinta, idonta a bushe. "Baban Imran, ban taɓa sa hannu da sunan Alhaji ba, ko sau ɗaya. Duk inda ka ga sunansa, shi ya sa. Iyakar abin da zan iya faɗa maka ke nan."

"Dalili?"

"Alkawari na yi."

"Wa kika yi wa?"

"Wanda ba ya nan balle ya warware min."

Jama'a, ni dai a nan matar nan ta gama da ni. Kalma ɗaya ce a bakinta, in ta furta ta wanke kanta, ta tsira da kamfani, ta rufe bakin kowa. Amma ta zaɓi a kira ta ɓarauniya a falonta, a gaban 'yarta, da ta tona abin da mijinta ya ce ta rufa masa. Ku faɗa min gaskiya, mu nawa ne za mu iya?

"Kira su, Imran!"

"Angona, in ka danna wayar nan ni da kai ne."

Inna ce. Ta ajiye carbinta a cinya. Tsohuwar da tun da aka yi rasuwa ba a ji ta yi doguwar magana ba.

"Ita ta yi alkawari. Ni ban yi wa kowa ba." Ta nuna kujera. "Ƙasimu, na ce ka zauna."

Ya zauna.

Kun dai san Inna da alkunya. Marigayi ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta ƙare masa kallo a gaban mutane ba. Har ya yi furfura "yaron nan" take ce masa.

"Yaron nan ba juya shi aka yi ba," ta ce. "Hannunsa ne ke rawa."

"Hannunsa?"

"Karkarwa. Irin ta babanku, wadda ta hana shi rubutun allo a ƙarshen rayuwarsa. Kai kana ƙarami lokacin, ba ka san me ya sa ya daina ba." Ta share gefen ido da bakin mayafi. "Wata Sallah ya zo gaishe ni, na ba shi fura a kwanon sha. Ban kalle shi ba, ai ba na kallonsa. Amma ina jin ludayi na kaɗa bakin kwano, kar-kar-kar. Ya ajiye ya ce ya ƙoshi. Tun ranar na sani. Bai faɗa min ba, ni ma ban tambaye shi ba."

Alhaji Ƙasimu ya juya wajen Hajiya, bakinsa a buɗe.

"Gaskiya ne?"

Sai a lokacin hawayenta ya zubo.

"Tunda ba daga bakina ya fito ba, Allah Ya gani." Ta ja numfashi. "Banki ya je wata rana. Ya sa hannu a cak, aka ce bai yi daidai da na da ba. Ya sake, aka ce bai yi ba. Ya sake, mutane na layi suna kallo, biro na tsalle a hannunsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sa hannu a wurin. Ya dawo gida ya zauna a mota ya ƙi fitowa, sai da na je na buɗe ƙofar da kaina."

Ta ci gaba.

"Ya ce, 'Hafsatu, na gama. Ɗan kasuwar da ba ya iya rubuta sunansa ai ya gama. In 'yan Dawanau suka ji, gobe za a fara cewa Aƙilu ya tsufa, a janye jiki.' Ya ce zai sayar da kamfanin. Muhibba ce ta ce Abba akwai wata hanya."

Muhibba ta goge fuska ta karɓa. "Da farko faɗa ya yi min, Baffa, irin wanda ka yi yanzu. Ya ce shi ba ya sa hannu a iska. Na ƙara masa girman rubutun a kwamfuta, ya karanta da kansa shafi bayan shafi. Aka duba fuskarsa, aka turo lamba. Umma ta riƙe masa wayar, ya ɗora yatsa sau ɗaya. Kafin ya sha ruwa amsa ta dawo daga Meziko, sun karɓa, suna godiya."

"Ya yi ta kallon alamar nan koriya da ke nuna sa hannu ya shiga," in ji Hajiya, tana murmushi cikin kuka. "Ya ce, 'Ba ta tambaye ni in sake ba.' Ranar har tuwo ya ƙara. Daga nan duk kwangilar da ta zo, shi zai karanta, ni in karanta, ya sa nasa in sa nawa, don a lokacin ne ya shigar da ni cikin daraktoci. Shekara uku abin nan ya ƙara masa yana kasuwancinsa da mutuncinsa. Abinci kuwa, ni nake ba shi a baki in miya ce. Ka ga ai ba zai zauna a tire ɗaya da ku ba."

Imran ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wayar babansa.

Alhaji Ƙasimu ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Me ya sa bai gaya min ba? Ni?"

"Kai ne ƙarshen wanda yake so ya sani. Ya ce tun kuna yara kai kake cewa Yaya ba abin da ke gagararsa."

Wayar Muhibba ta yi ƙara. Ta duba ta ce, "Umma su ne. Sun ce lokaci na tafiya."

Hajiya ta share fuskarta da gefen hijabi, ta jawo kwamfutar gabanta. Ba ta yi gaggawa ba. Ta gangara har inda sharaɗin tsinta yake, ta bi shi da yatsa ta sake karantawa, ta tabbatar yana nan daram. Ta kalli kyamara da fuskarta ta takaba, na'urar ta gane ta. Lamba ta shigo wayarta, ta shigar.

"Bismillahi."

Ta danna.

Alama koriya ta fito a gefen sunanta. Ko takalmi ba ta sa ba, ko bakin ƙofa ba ta leƙa ba, ga sa hannunta ya isa Legas. Inna ta leƙo tana riƙe da haɓa.

"Shi ke nan? Har an gama?"

"Nata ya shiga, Inna," in ji Muhibba. "Saura ɗaya."

"Ɗaya na wa?"

Wayar da ke hannun Imran ta yi ƙara.

Ya duba. Ya sake dubawa. Ya ɗago ya kalli babansa.

"Baba... sunanka ne. An turo maka kwangilar."

"Ni?"

"Dokar kamfanin ce, Baffa," Muhibba ta ce. "Darakta biyu ke sa hannu. Da Abba ne da Umma. Yanzu da babu Abba, ku biyu kuka rage."

"Ai an cire sunana! Tun da aka shigar da ita na san an cire ni."

"Wa ya gaya maka?" in ji Hajiya. "An ba shi shawarar haka, da ka daina zuwa. Ya ce, 'Buhun farko da muka saya a Maigatari, ni da Ƙasimu muka ɗauko shi a ka har tasha. Ba mai goge min sunansa ina raye, in na mutu ma kar a goge.' Ɗazu na so in aika a kira ka, sai ga ka ka zo da takardarka, ba ka bar ni na yi magana ba."

Ya rufe ido. Ashe tun shigowarsa abin da ya zo ƙwata da tsiya yana ajiye da sunansa.

"Kuma ya bar min saƙo in ba ka," ta ci gaba, kanta a ƙasa. "Wannan ba ya cikin alkawarin, shi ya ce in ranar ta zo in faɗa. Ya ce in gaya maka kar ka ji tsoro, wannan ba ta neman biro."

Idonsa ya buɗe da sauri.

"Me... me ya sa zai ce haka?"

Hajiya ta ɗago ta dube shi.

"Ranar ɗaurin auren, da ya dawo gida, kuka ya yi. Na zaci don ya kasa ba ka hannu ne. Ya ce har da wannan. Amma ya ce da ka miƙo naka, ya kalle shi da kyau."

Carbin Inna ya zame daga cinyarta ya faɗi. Ta juya a hankali ta dubi kofin zoɓon da ba a taɓa ba. Ta dubi wayar da ke hannun jikanta. Sannan ta dubi babbar rigar ɗanta, inda hannuwansa suke tun da ya shigo.

"Ƙasimu," ta ce. "Fito da hannunka."

"Imran, danna min kawai a wuce wurin."

"Ba zai yiwu ba, Baffa," Muhibba ta ce a hankali. "Wanda aka turo wa shi zai karanta, shi zai danna. In wani ya danna maka, to shi ne jabun."

Daga masallacin unguwa ladan ya fara kiran la'asar. Wayar Muhibba ta sake ƙara, ba ta ɗauka ba.

Imran ya durƙusa a gaban babansa, ya riƙe wayar da hannu biyu. Aka duba fuska, ta yi daidai. Lamba ta shigo, aka shigar. Shafukan suka wuce ɗaya bayan ɗaya a gaban idon Alhaji Ƙasimu har ƙarshe, inda gurabe biyu suke jere, kore na amincewa, ja na ƙi.

Ya kalli matar da ya kira ɓarauniya. Ya kalli mahaifiyarsa. Gumi ya jiƙa bakin hularsa.

Sannan a hankali ya zaro hannunsa na dama daga cikin riga.

"Innalillahi..." Inna ta toshe baki.

Rawa yake yi, tun daga wuyan hannu har kan yatsu, ba ya tsayawa. Ya ɗaga manuniyarsa ya kai saitin wayar. Ta karkata wajen koren, ta dawo wajen jan, ta sake komawa, kuma duk falon ba wanda ya iya gane ko ciwon ne ke kaɗa ta ko zuciyarsa.

Hajiya Hafsatu ta miƙe tsaye a kan dardumarta.

"Imran," ta ce, "riƙe masa wuyan hannun. Haka nake yi wa yayansa."